Shagon fassara na bakin Kasuwar Dole, da abin da kalma ɗaya ta nuna game da aikinsa

Duk mazaunin Damagaram ya san cewa bakinmu da na mutanen Kano ɗaya ne, amma takardunmu ba ɗaya ba ne. Tun da Faransawa suka shigo garin nan a 1899, suka kuma zauna da mulkinsu a cikinsa har zuwa 1926 da aka mayar da babban birni Yamai, duk wata shaida da hukuma za ta ba mutum da Faransanci take fitowa. A kudu kuwa, inda Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, da Ingilishi ake rubuta ta. Ga shi kuma Kano ta fi mana Yamai kusa ƙwarai, can muke saro kaya, can samarinmu da yawa ke neman aiki ko karatu. Saboda haka mai fassarar takardu ba abin ado ba ne a garin nan, kuma tun da kundin da hukumomin ƙasarmu Nijar suka fitar a 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, ina ganin nauyin da ke kansa ƙaruwa zai yi.

Shagon da nake magana a kansa yana cikin jerin shagunan da ke kusa da Kasuwar Dole, ɗaki ne guda da ƴar rumfa a gabansa, da benci na masu jira. A ciki akwai kwamfuta, da injin fotokofi, da wata matashiya mai buga takardu, sai kuma mai shagon, dattijo, tsohon malamin makaranta da ya koyar da Ingilishi shekaru masu yawa kafin ya yi ritaya, wanda kowa ke kira Malam. Yana fassara tsakanin Faransanci da Ingilishi da Hausa: takardun haihuwa, shaidar aiki, wasiƙun ciniki, yarjejeniyar haya da makamantansu. Wurin ba shi da wani kyan gani, kuma wanda ya wuce da sauri zai ɗauka shagon fotokofi ne kamar sauran. Abin da ya sa na ga ya cancanci a yi rubutu a kansa shi ne yadda Malam ya bi da wata kalma guda, wadda Faransanci ke rubutawa conducteur, Ingilishi kuma conductor, mu kuma muka ara muka ce kwandasta.

Ɗan yayana direban babbar mota ne, ya daɗe yana jan tirela tsakanin Damagaram da Agadas. Da ya ji ana neman direbobi a wani kamfanin sufuri a Kano, sai ya kai shaidar aikinsa wani shagon intanet, aka mayar masa da ita Ingilishi cikin ɗan lokaci da kuɗi kaɗan. A takardar asali an rubuta cewa shi conducteur ne na manyan motoci, yaron da ya yi fassarar kuwa ya ga kalma mai kama da ita a Ingilishi, sai ya ɗora ta a gurbinta. Mun biya ta wurin Malam ne don a ƙara mana wasiƙar neman aiki kawai, amma ya ce sai ya ga sauran takardun da wasiƙar za ta tafi tare da su. Bai gama layi na uku ba ya ɗaga kai ya ce: “Ɗana, kai ne ke riƙe da sitiyari, ko kai ne ke karɓar kuɗin fasinja?” Yaron ya ce: “Baba, ni ne direban, ban taɓa karɓar kuɗin kowa ba.” Malam ya ce: “To, wannan takarda ta mayar da kai kwandasta, kuma mutumin Kano da zai karanta ta ba zai kira ka ya tambaye ka ba, ajiye ta kawai zai yi.”

Gane wannan kuskure ba shi ne abin yabon ba, domin duk wanda ya yi Ingilishi mai ɗan zurfi zai gane shi. Abin da ya ja hankalina shi ne Malam ya san dalilin da ya sa kalmomin biyu suka yi kama suka kuma saɓa, kuma wannan sani ne ke kare mai fassara daga tarkon da bai taɓa gani ba. Asalin kalmar daga Latin take, harshen Romawan dā, inda aka haɗa con, wato tare, da ducere, wato jan abu ko shige masa gaba. Daga wannan saiwa ce Faransanci ya sami conduire da ke kan lasin tuƙi na kowane direbanmu, daga ita kuma aka sami dux, jagoran mayaƙa, wanda daga baya ya zama sarautar duc a Faransa. Malam ya nuna mana cewa tunanin ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe, ko da yake kalmomin ba su da dangantaka: mu ma jagora muke cewa, wato mai jan gora, da jagaba, mai jan gaba, kuma har yau idan aka ce wane yana jan mota, kowa ya san tuƙi ake nufi.

Sai dai a wurin Romawa, conductor ya fi nufin wani abu dabam da jagora. A shari'arsu, mutumin da ya ɗauki hayar gida ko gona, ko ya karɓi kwangilar wani aiki, shi ake kira da wannan suna, wanda ya ba da hayar kuma locator. Wannan ma'ana ba ta mutu ba, domin har yanzu a takardun shari'a na Italiya, ɗan haya conduttore ake ce masa, kuma shugabannin sojan haya da biranen Italiya suka riƙa ɗauka a ƙarni na 14 da na 15, waɗanda ake kira condottieri, daga sunan yarjejeniyar da ake ƙullawa da su suka sami nasu sunan. Ba kowane mai fassara ne zai gamu da takardar Italiya a Damagaram ba, amma wanda ya san haka ba zai yi saurin amincewa da kamannin kalma ba.

Wurin da labarin ya fi shafarmu shi ne zamanin kekunan doki na dogon zango a Faransa, a ƙarni na 18 da farkon na 19, kafin jirgin ƙasa ya kashe musu kasuwa. Irin wannan keke yana da ma'aikata iri biyu. Akwai mai hawan doki yana sarrafa dawakin, wanda ake kira postillon, ana kuma canza shi daga zango zuwa zango. Akwai kuma conducteur, wanda ke tare da keken daga farkon tafiya har ƙarshenta, shi ke da alhakin fasinja da kaya da takardun hanya. Matsayinsa kamar na madugu ne a ayarin fatake da ke ratsa Damagaram a dā tsakanin Kano da Agadas: ba shi ke riƙe da akalar kowane raƙumi ba, amma amanar ayarin duka a wuyansa take. A wannan mataki ne harsuna da yawa suka ari kalmar, suka kuma tsaya a kanta. A Holan har yau conducteur, da rubutun Faransanci sak, shi ne mai duba tikiti a jirgin ƙasa, daga can kuma ta je Indunusiya ta zama kondektur. A Rasha konduktor shi ne mai karɓar kuɗin mota, Turkawa ma suna da irinta a jirgin ƙasa. Ingilishi ya bi wannan hanya, ya ba da sunan ga mai karɓar kuɗi a motocin haya na doki da suka fara yawo a Landan a 1829, Amurkawa kuma suka ba mai kula da fasinjan jirgin ƙasa. Faransanci kuwa, tare da ƴan uwansa Sifaniyanci da harshen Fotugal, shi ne ya ci gaba da tafiya da kalmar har ta zauna a kujerar direba, ya kuma nemo wa mai karɓar kuɗi wasu sunaye, receveur ko contrôleur. Ke nan harshen da ya ba da aron ya canza, masu aron kuma sun riƙe abin da aka ba su, mu kuwa muna zaune daidai kan iyakar da ma'anonin biyu suka yi karo.

Hausa ta karɓi kwandasta daga Ingilishi ta hanyar Najeriya, a zamanin motocin haya da jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911, kamar yadda Sawahili ya karɓi kondakta a gabashin Afirka. A nan gefenmu mun fi jin direba ko shofer ga mai tuƙi, kuma ita shofer ɗin ma asalinta mai hura wuta ne a injin tururi, ba mai riƙe sitiyari ba. Ga wanda ke bayan mota kuwa muna da yaron mota, da aparanti, da karen mota. Na lura Malam yana bambance waɗannan da kyau a rubutunsa: kwandasta aikinsa kiran fasinja da karɓar kuɗi, yaron mota kuma lodi da ɗaure kaya da kula da taya, sau da yawa ma koyon tuƙi yake yi a hannun maigidansa, ɗan kamasho kuwa a tasha yake, ba ya bin mota. Ya ce mini karen mota ba ya shiga takardar da ta fito daga shagonsa, ko da mai takardar da kansa ya faɗi haka, sai dai ya rubuta mataimakin direba, domin takarda tana daɗewa kuma ba a san hannun da za ta faɗa ba. Na yarda da shi a kan wannan ɗari bisa ɗari, kuma irin wannan kula da mutuncin mai takarda ba a samunta a kowane shago.

Kalmar ta sake fitowa a wata takarda da ni kaina na kai masa, takardar ƙiyasin kaya da mai gyaran wuta ya rubuta mini da Faransanci lokacin da za a ja wa gidana waya, ina so a mayar da ita Hausa don wanda zan aika sayayya Kano ya fahimce ta. A nan conducteur ba mutum ba ne, ƙarfen da ke cikin waya ne, wanda wuta ke bi, kuma a wannan ma'ana Faransanci da Ingilishi ba su da saɓani ko kaɗan. Dalili kuwa shi ne ma'anar ba ta girma a tasha ko a kasuwa ba, masana ne suka sa ta. Wani Baturen Ingila, Stephen Gray, ya nuna a 1729 cewa lantarki na iya bin wasu abubuwa ya yi nisa, wasu kuma su tare shi, sannan John Desaguliers, wanda aka haifa a Faransa a 1683 ya girma a Ingila, ya sa wa masu ba shi hanya wannan suna. Daga nan kowane harshe ko dai ya ari kalmar yadda take, ko ya gina tasa a kan tunanin jagora ko isarwa: Jamusawa suka ce Leiter, wadda kuma ke nufin shugaba, Larabawa suka ce muwassil, mai sadarwa, Rashawa suka ce provodnik, kalmar da kuma suke kiran ma'aikacin taragon jirgin ƙasa da ita.

Abin da Malam ya yi da wannan takarda ya gamsar da ni. Ya bar lambobin girman waya yadda suke, 1,5 ta fitilu da 2,5 ta wuraren da ake jona kaya, yana cewa da lamba mai shago ke gane kayansa, kuma duk wanda ya taɓa lamba a fassara ya shiga aikin da ba nasa ba. Inda aka rubuta cewa wayar ta jan ƙarfe ce, ya tambaye ni ko zai ƙara bayani a gefe cewa jan ƙarfe zalla ake nufi, saboda akwai wayar alminiyam da ake shafe wa ruwan jan ƙarfe a sayar da ita da araha. Gaskiya ce kuwa, sauƙin da wuta ke samu wajen bin alminiyam kimanin kashi 60 cikin 100 ne na wanda take samu a jan ƙarfe mai girmansa, don haka wayar da ta isa idan ta jan ƙarfe ce, za ta yi zafi idan ta alminiyam ce. Ya rubuta bayanin a ƙasan shafi, ya kuma nuna cewa nasa ne ba na mai gyaran wuta ba, abin da ya nuna mini ya san iyakar amanar da aka ba shi.

A nan ne kuma nake da ɗan ƙorafi, wanda ba na shagon kaɗai ba ne. Da aka zo kan kalmar ita kanta, Malam ya rubuta “ƙarfen da wuta ke bi ta cikinsa”, magana mai kyau kuma kowa zai gane ta, amma doguwa ce, kuma idan ta maimaitu sau da yawa a shafi ɗaya tana gajiyar da mai karatu. Na tambaye shi ko ba zai ƙirƙiro gajeriyar kalma ba, sai ya ce: “Alhaji, ni aikina in rubuta abin da mai saye da mai sayarwa za su gane yau, idan na ƙirƙiri kalma, ni kaɗai na san ta.” Hujjarsa tana da ƙarfi, kuma a matsayinsa na mai shago ya yi daidai. Amma ina ganin irinsa ne suka fi kowa sanin inda Hausa ke da giɓi, tun da su ke cin karo da giɓin kullum, kuma idan har za a koyar da aikin wuta da Hausa wata rana, masanan jami'armu ta nan Damagaram da masu tsara kalmomi za su amfana da zama da irin waɗannan dattawa kafin su yanke hukunci.

Sauran ma'anonin ba su cika zuwa shagon ba. Ingilishi yana kiran mai tsayawa gaban taron makaɗa da ɗan sanda a hannu yana daidaita su da sunan conductor, Faransanci kuwa chef d'orchestre yake cewa, Jamusanci Dirigent, Malam kuma jagoran makaɗa ya ce zai rubuta in ta zo. Wadda ta fi zuwa ita ce conducteur de travaux, mai kula da aikin gini a fili, wanda ba direba ba ne kuma ba kwandasta ba, kuma ya ce ya sha ganin an ɓata wa matasa masu wannan shaida takardunsu.

Ta wajen kuɗi, shagon ya fi shagunan intanet tsada, ana biya ne bisa shafi, takardar da ke da kalmomin sana'a ko na shari'a kuma ta fi ta yau da kullum. Amma ana faɗa maka farashin kafin a fara, ba a ƙara komai daga baya, kuma gyaran da ya biyo baya kyauta ne. Malam ya gaya mana tun farko cewa shi ba mai fassara ba ne da ya yi rantsuwa gaban kotu, saboda haka takardar da za a kai ofishin jakadanci ko gaban alƙali ba za ta wadatu da sa hannunsa ba. Wani zai ga wannan a matsayin rashi, kuma rashi ne, amma na fi son wanda ya faɗi iyakarsa kafin ya karɓi kuɗina.

Aibin da ya fi damuna guda biyu ne, ban da jinkiri, wanda dole ne tun da mutum ɗaya ke fassarar duka kuma aiki na tsayawa cik idan aka ɗauke wuta. Na farko, takardun jama'a a tare suke kan tebur a buɗe, har mai jira na iya karanta shaidar haihuwar wani ko yarjejeniyar bashinsa ba tare da ya yi niyya ba. Akwati mai makulli zai magance wannan, kuma bai kamata shagon da ke kula da mutuncin mutum a cikin takarda ya bar sirrinsa a waje ba. Na biyu ya shafi rubutun Hausa. Kwamfutar shagon ba a shirya ta don haruffanmu masu lanƙwasa ba, sai a buga takarda da baƙaƙen Faransanci, sannan a bi da biro ana ƙara ƙugiya a kan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. A takardata an tsallake wasu, har ƙasa ta koma kasa a wurin da ake maganar wayar da ake binnewa don kariya, kuma waɗannan kalmomi biyu ba abu ɗaya suke nufi ba. Na nuna wa matashiyar, ta karɓa da ladabi ta gyara, amma maganin ba biro ba ne. Tsarin buga waɗannan haruffa yana samuwa kyauta, a wayar salula ma akwai shi, kuma shagon da ya san tarihin kalmar Latin bai dace ya gaza a kan baƙaƙen harshen da ake magana da shi a bakin ƙofarsa ba.

Wanda zai je, ya tafi da takardar asali ba kwafi kaɗai ba, ya je da safe kafin rumfar ta cika, kuma in da hali ya tafi da mai takardar da kansa, domin Malam ba ya fara aiki sai ya san wane ne zai karanta ta, a wace ƙasa, kuma me ake nema da ita. A tafi da katin shaida ko fasfo ma. Sunayenmu da rubutun Faransanci suke a takardun hukuma, a kudu kuma wani rubutu dabam aka saba, sai mai fassara ya ga Ousmane ya gyara shi ya koma Usman da kyakkyawar niyya, a wayi gari shaidar aiki da lasin tuƙi suna ɗauke da sunaye biyu. Malam ba ya taɓa harafi ɗaya a sunan mutum, yana kwafe shi ne daga katin, kuma idan ba a zo da katin ba yakan ce a koma a ɗauko.